Jan Fentin Baba A'a

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Da hantsin ranar Laraba, tara ga watan Maris, Allah Ya karɓi ran Baba A'a, mai awon taurin ƙarfe a ma'aikatarmu ta kayan rijiyar mai, bayan jinyar mako uku.

Baba, mu muka laƙaba maka wannan suna a bayan idonka, kai kuwa da ka ji sai ka rubuta shi a jikin kofin shayinka. Ɗakinka ba kowa ke son shiga ba: tebur ɗaya, na'urar da ke danna ɗan tsini a jikin ƙarfe ta faɗi taurinsa, sai gwangwanin jan fenti. Abin da taurinsa ya wuce ashirin da biyu a na'urar, ka shafa masa ja, alamar an hana shi fita, ko na wane ne.

Ina sabon shiga na taɓa miƙe wani lanƙwasasshen bututu na ƙarfe marar tsatsa da guduma, ba tare da an gasa shi ba. Ya fito sumul, ina ta hura hanci. Ka auna, ka shafa ja. Na ce ai tauri shi ake nema a ƙarfe. Ka ce, "Ɗana, ƙarfen da ya sha duka a sanyi taurarewa yake, amma iskar rijiya mai warin ruɓaɓɓen ƙwai tana ratsa shi ya tsage ba sallama. Wataƙila ƙaninka ne zai tsaya kusa da shi." Wata biyu ina gaishe ka a daƙile. Duk da haka kai ka nemi a kawo ni ɗakinka, ka koya mini aikin, har da yadda ake cewa a'a ba tare da ɗaga murya ba. Ina kewar zaman nan ƙwarai.

Kana asibiti aka kawo kusoshi arba'in, rijiya na jiransu. Na auna sau uku, ashirin da uku suke nunawa. Manaja ya ce, "Ɗaya tal fa. Sa hannu mu wuce wurin." Gaskiya na tsorata, don ban taɓa hana kaya ni kaɗai ba. Na ce bari in je in tambaye ka. Na iso na tarar da Inna, matarka, tana naɗe tabarmarta a bakin ɗakin.

Da muka dawo daga maƙabarta na buɗe gwangwaninka. Fentin ya fara bushewa, sai da na dama shi. Na shafa wa arba'in ɗin duka. Manaja bai amsa gaisuwata ba har yau, kuma na ji masu walda sun fara kirana da sunanka.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya yalwata kabarinka, Ya sassauta maka hisabi. Inna da 'ya'yanku da jikoki, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, mu ma Ya ba mu. Amin.