Ranar da Farfesa ya riƙe mini takalmi

Edita, a wancan lokaci ni mataimakin darakta ne da gwamnati ta turo karatu London, girman kai kuwa da shi na sauka daga jirgi. Saura mako biyu bizata ta ƙare, kuma ba ta sabuntuwa sai da sa hannun farfesan da ke duba aikina, wani dattijo mabiyin addinin Sikh. Da ya gayyace ni wurin ibadarsu, bikin haihuwar malamin da ya kafa addinin nasu, na ce to, ga damar gyara miyata.

Na ci babbar riga, na kafa hula, na hau tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa. A bakin ƙofa aka ce in tuɓe hular, aka ɗaura mini ɗan ƙyalle a kai kamar mai tuyar ƙosai. Na haɗiye. Na miƙa takalmina ta wata taga ko kallon mai karɓa ban yi ba, na ja masa kunne cewa na Italiya ne, na ajiye masa tukuici, sannan na tambaye shi ina babban tebur. Sai na ji wata murya da na sani tana tambayata ko na gyara babi na uku. Innalillahi! Farfesa ne rungume da takalmina, har ya fara gogewa. Ina aka taɓa barin malami riƙe da takalmin ɗalibi? Na cafke, ya ja, na ja, layi ya tsaya cak ana kallonmu.

Da dariya ta sake shi, ya gaya mini cewa malamin nasu ya bar musu gado: a dafa abinci kyauta, sarki da talaka su zauna ƙasa sahu ɗaya su ci, hidimar mutane kuma ibada ce. Ya ce in kunyar ta dame ni, kicin na neman hannu. Haka na naɗe hannun babbar riga na wanke tukwane har la'asar, ni da ko kofi ban taɓa ɗauraye wa matata ba. Sai da ya duba gindin tukunyar ƙarshe sannan ya ce in kawo takardar bizar ranar Litinin.

Wallahi har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni, don ba abin da ya faɗa da ban ji daga bakin kakata ba. 'Yan'uwa, in kun shiga wurin mutane ku ajiye muƙaminku a waje, kuma ku dubi fuskar wanda ke yi muku hidima kafin ku buɗe baki.