Ɗigon Kore a Gefen Sunanta

A gidansu Injiniya ake ce mata, ko da yake ba ta taɓa gyara ko fanka ba. Aikinta gwajin manhaja: wasu su rubuta, ita ta danna nan ta danna can har ta gano inda abin ya ɓaci, ta shigar da rahoto. Kamfanin ba shi da ofis. Nata ofishin tebur ne a lungun ɗakin mahaifiyarta, tsakanin keken ɗinki da taga, an tokare masa ƙafa ɗaya da kwali.

Abokan aikinta daga kafaɗa zuwa sama ta san su. Akwai wanda suke kira Dogo, don kullum kyamararsa sai ta yanke masa rabin kai. Sai Oga, mai kamfanin, wanda abu biyu kawai yake kallo: yawan rahoton da ta shigar, da ɗigon kore na gefen sunan kowa, mai nuna mutum yana kan aiki. Da ɗigon ya dushe, saƙo zai faɗo: "Kina raye?" Shi ya sa in za ta shiga wanka Mama ke zama, hagu tana motsa linzamin kwamfutar, dama tana warware zare.

"Wai yaushe za a ba ni katin ma'aikata a kamfanin nan?" in ji Mama.

"Sai Oga ya gwada ki."

"Ni da ɗigonsa bai taɓa mutuwa a hannuna ba?"

Ran Litinin ake taro. Oga ya buɗe rahotanninta ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kowanne ɗauke da sunan wanda ya yi kuskuren. Mai sunan ya kunna kyamara ya ba da ba'asi. Wanda ya fito sau uku a wata, an sallame shi. Mutum biyu aka kora a gabanta, duka da rahotonta.

Daga nan ta sauya hanya. In ta ga matsala sai ta kira mai ita a waya, ya gyara a ɓoye. Manhajar ta yi kyau, rahoto ya yi ƙasa, Oga kuwa rahoton yake ƙirgawa.

"Ko dai manhajar ta warke da kanta, ko ke kike barci," ya rubuto mata. "Litinin ina son rahoto da suna a kai. In babu, naki zan sa."

A makon ta ci karo da babba: maɓallin ajiye bayanai yana goge su. Aikin Dogo ne, shi kuma ya riga ya fito sau biyu. Ta kira shi. Tana jin kukan jariri a bayansa.

"Ki rubuta kawai, ƙanwata," ya ce. "Ke ma ba gado kika ci ba."

"Yaya Dogo, tambayarka nake, kafin Litinin zai gyaru?"

"Zai gyaru."

"To me ya kai ka wa'azi?"

Ya gyara. Litinin ta zo, shafin rahotonta fayau.

"Ina sunan?" in ji Oga.

"Babu abin da ya ɓaci, yallaɓai. Na bi ko'ina."

"Wato ba mu da buƙatar mai gwaji ke nan."

Ta buɗe baki za ta amsa, fuskokin suka ɓace, kwamfutar ta nemi kalmar sirri. Ta saka, aka ce ba a san ta ba.

Washegari ta ɗauki tawul za ta wanka, sai ta ga Mama ta riga ta ja kujera ta ɗora hannu a kan linzami.

"Mama, bari. Babu kowa a can."

Mama ta ɗan ƙara motsa shi kafin ta saki. "To duk inda za ki nemi aiki, ki gaya musu mu biyu ne."

Injiniya tana neman aiki har yanzu, daga wannan teburin, wuri biyar kowace safiya. Dogo yana nan a kamfanin. Kwanaki ya turo mata hotonsa a tsaye, riƙe da jaririn. Mama ta kawo wayar kusa da ido, ta duba, ta ce ashe gajere ne.