Jakin da Ba Ya Mutuwa

Ɗakin kakarmu Inna Ige shi ne na ƙarshe a gidanmu, can jikin rumbu, a wani ɗan ƙauye tsakanin Sifawa da Bodinga. Idan sanyi ya shigo, da an ci tuwo an wanke hannu sai mu dunguma can. Za mu iske ta hura wuta da karan dawa a tsakar ɗaki, ta miƙe ƙafafu tana gasa su, ga ƙanshin albasar da Baba ya shanya a rumfa yana shigowa ta ƙofa. Ba ta fara tatsuniya sai kowa ya natsu. Sai ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "To, ga ta ta iso bakin ƙohwa, a buɗe mata?" Mu ce a buɗe. Ni a lokacin ban wuce shekara tara ba. Ƙanena Manu kuwa bai kai shiga makaranta ba, kuma wurin zamansa cinyar Inna, wadda ke kiransa maigidanta.

Zamanin mulkin farar hula ne, kuma yayan Baba, Baffa Alhaji, ya samu kwangila ya gina gidan siminti a Bodinga. Ya sayo talabijin da bidiyo daga Ikko, aka haɗo masa da kaset ɗaya na fim ɗin zane, irin wanda yaran yanzu ke kira katun. Duk ranar kasuwa, idan Baba zai kai albasa, sai ya aje mu a gidan mu yini muna kallo.

Labarin wani jaki ne mai jar hula da ɗansa. Kullum suna cikin tafiya, kullum kuma sai wani abu ya faɗa wa uban. Mafi muni shi ne ƙaton dutse da ke gangarowa ya danne shi, ya shimfiɗe kamar tabarma. Sai ɗan ya zo ya kafa baki a kunnensa ya ƙwala masa, "Labanta!" Nan take jakin ya kumbura, ya miƙe, ya karkaɗe hularsa su ci gaba da tafiya.

Ba wanda ke jin abin da suke faɗi. Ba Turanci ba ne, ba Larabci ba, ba Indiyanci ba. Wani tsoho maƙwabcin Baffa, wanda ya taɓa aikin gonar koko a tsibirin Panya, ya leƙo wata rana ya ce ai yaren can ne, Sifaniyanci, amma shi yanzu ban da zagi ba abin da ya rage masa. Da muka matsa masa, ya yarda cewa kalmar nan dai ma'anarta "tashi".

Manu bai buƙaci tafinta ba. Yana zaune dab da gilashin, baki buɗe, yana fassara mana da gaske. "Cewa yay yi, Baba, ƙahwata na ciwo, goya ni." Ko kuma, "Yac ce in sun isa gida za a ba su hura." Duk abin da ke cikin ransa shi yake sa wa jakunan a baki, kuma ban taɓa jin ya faɗi abin da bai dace da fuskarsu ba. Idan kaset ya ƙare, ɗan Baffa ya danna wani maɓalli, komai ya ruga da baya, dutsen ya hau tudu da kansa. Wannan ya fi komai burge Manu.

Da yamma sai ya kwashe duka ya kai wa Inna. Ita ba ta taɓa zuwa ta gani ba, ta ce idonta bai son hasken. Amma takan bar shi ya karɓe mata fage, ya kwanta a ƙasa ya zama jakin, ya sa ni in yi masa ihu a kunne, ya zabura ya tashi. Inna ta yi dariya har ta share ido.

"Maigida, wanga jaki naka bai mutuwa?"

"Shina mutuwa mana, Inna. Amma sai ya tashi."

"To, Allah shi kyauta," in ji ta, ta gyara wuta.

Daga nan abubuwa suka juya. Soja suka karɓi mulki, kwangila ta tsaya, Baffa ya sayar da bidiyon ba tare da mu yara mun sani ba. Damina ta yi gardama, gero bai yi ido ba, shanun maƙwabta suka yi ta faɗuwa da ciwo. Tuwon gidanmu ya koma sau ɗaya a yini. Abin da ya rage wa Baba shi ne albasar fadama, ita ma rijiyar da yake ban ruwa da ita ta ja baya. Wata safiya ya shiga don ya ƙara mata zurfi, gefenta ya zabtaro masa. Kafin mutane su tone, rai ya yi halinsa.

An kawo shi gida an kwantar a ɗakinsa, an rufa masa zane kafin masu wanka su iso. Gida ya cika da mata, mahaifiyarmu ta faɗi ana yayyafa mata ruwa, ba wanda ya lura da Manu. Ni na gan shi ya shiga, na bi shi. Ya durƙusa, ya ɗaga zanen daidai kunnen Baba, ya cika ƙirjinsa da iska.

"Labanta!"

Ya ja baya yana murmushi, yana jira. Ya sake matsowa ya faɗa da ƙarfi fiye da na farko. Kukan matan da ke tsakar gida ya tsaya cak. Ya juyo ya dube ni, ba tsoro a fuskarsa, sai mamaki.

"Balki, ko ban hwaɗi daidai ba? Ke gwada."

Ban iya ba. Inna ce ta shigo ta ɗauke shi. Ɗanta ne kwance a wurin, amma idonta a bushe yake. Haka ta yi zaman makoki, tana karɓar gaisuwa, tana ba wasu haƙuri.

Manu bai yi kuka ba ko da aka fita da makara. A ganinsa ba a gama ba. Idan aka zuba tuwo sai ya gutsuri nasa ya ɓoye a ƙarƙashin ƙwarya, wai na Baba. Liman ya zaunar da shi ya gaya masa Baba ya koma ga Allah, ya ce to, yaushe za shi dawo? Kullum roƙonsa a kai shi Bodinga a danna maɓallin nan. Tatsuniya kuwa ta ɗauke a gidanmu, Inna takan rufe ƙofarta da wuri.

Wata rana bayan azahar aka nemi Manu aka rasa. Aka duba rijiyoyi, aka duba maƙabarta. Mahaifiyarmu tana cikin takaba, amma sai da aka riƙe ta don kada ta fita. Rana ta kusa faɗuwa wata Bafillatana mai tallar nono ta shigo da shi goye a bayanta, ƙafafunsa duk ƙaya. Ta tsince shi a bakin titi, ya miƙi hanyar Bodinga shi kaɗai.

A wannan yammacin Inna ta hura wuta ta aika a kira mu. Ta ɗora Manu a cinya tana cire masa ƙaya da allura. Ba ta tambaye mu ko a buɗe ƙofa ba, farawa kawai ta yi.

Ta ce jakin nan mai jar hula ta san shi, ta san garinsu. Gari ne da ba a mutuwa, amma kuma ba a girma. Ɗan jakin tun da aka haife shi yake ɗan jaki, ba ya ƙaruwa, ba ya ƙoshi, kuma tafiyar da suke yi ba su taɓa isa gida ba. Kowace safiya dutsen sai ya gangaro, kowace safiya uban sai ya ji zafinsa sabo. Ran nan ɗan ya zo zai yi ihu, sai uban ya buɗe ido ɗaya ya yi masa magana a hankali.

Inna ta sauke murya ta zama jakin. "Ɗana, na gaji. Kullum ka kira ni ina tashi, don ban son ka tsaya kai ɗai. Amma dutsen ga da nauyi. Bar ni in huta. Wanda yay yi ni shi ka tashe ni, kuma da rana tai, ba yau ba. Kai ƙetare gulbi, can ɗiyan jakkai ka girma."

Ɗan jakin ya zauna gefensa har ciyawa ta tsiro ta rufe uban. Sannan ya ɗauki jar hular ya ƙetare gulbi. Can ya sha wuya, ya ji yunwa, amma ya girma, ya yi ƙarfi, har ya isa gidan da suka daɗe suna nema.

Manu yana kallon wuta ya ce, "Inna, in na kira Baba, zahi shika ji?"

Sai kawai na ga kafaɗunta suna rawa. Inna Ige, wadda ta binne miji da 'ya'ya ba a ga hawayenta ba, ta kifa fuska a kan Manu ta yi kuka mai sauti, tana kiran Baba da sunan da take kiransa yana yaro. Manu ya fashe shi ma, karo na farko. Tatsuniyar ba a rufe ta ba, a nan muka kwana mu uku. Washegari ya cinye tuwonsa duka, bai kuma sake maganar Bodinga ba.

Na girma ina ba da wannan labari a matsayin shaidar hikimar Inna. Nakan ce yaro ba da kunne yake jin fim ba, abin da ya gani yake ɗauka ya cika sauran da abin da ke ransa, kuma tsohuwar ta gane haka, ta shiga cikin labarinsa ta fito da shi. Har yanzu ina ganin akwai gaskiya a ciki.

Amma bara na je Shagari wurin Manu, inda yake da iyali da shagon gyaran injin ban ruwa. Muna zaune 'ya'yansa na kallon katun a waya, na tuna masa da tatsuniyar Inna. Ya yi ta tunani, ya ce shi bai tuna wata tatsuniya ba, ko jakin ma da ƙyar.

"Abin da nit tuna, Yaya, hawayenta na zuba cikin wuyan rigata. Sai nic ce a raina, tunda Inna ta yi kuka, to Baba ba shi dawowa. Kuma na ɗauka ni nis sa ta kuka da tambayata. Shi yas sa ban ƙara ba."

Na ce masa ba shi ba ne, ba laifinsa ba ne ko kaɗan. Mutum mai furfura a gemu, ya sunkuyar da kai ya daɗe yana murza hannunsa mai baƙin mai.

"Da wani ya hwaɗa min hakanan tun lokacin," in ji shi.