Mai Ƙwanƙwasa da Fuskar Makarantarmu

Kullum da safe, kafin ya kwaɓa siminti, sai Baba magini ya bi bango yana ƙwanƙwasawa da ƙotar guduma, kunnensa manne da filasta kamar mai satar jin gulma. Shi ya sa muke kiransa Mai Ƙwanƙwasa. Shekara arba'in yana haka, sai a watan nan gwiwa ta ce masa ya haƙura da hawa tsani.

Na taɓa tambayarsa me ya sa ake ce wa gaban gini fuska. Ya ce, "Malama, daga jikin mutum aka aro sunan. Ita ake fara gani, ita ake yi wa kwalliya. Kuma labarin zuciya a tambayi fuska: in gini ba shi da lafiya, a nan yake fara nunawa."

Bara na kira shi makarantar da nake shugabanta. Saura kwana uku masu duba makarantu su zo, ga wata 'yar tsaga a saman ƙofar shiga, inda 'yan aji ɗaya ke yin layi. Na ce ya shafe ta a yi fenti kawai. Ya hau, ya ƙwanƙwasa, ya sauko ba walwala.

"Kukan ganga yake yi. Ruwa ya cinye rodin ciki. Ba zan shafe ba."

"Haba Baba, baƙi fa za mu yi!"

"'Yata, gara baƙi su ga tabo da iyaye su ga gawa. Kwashe yaran nan."

Haushi ya kama ni, na ce a raina rigimar tsufa ce. Amma na mayar da layin bayan gini. Washegari guduma biyu kacal ya sa, sai saman ƙofar ya rufto gaba ɗaya, daidai inda yaran ke tsayawa. Maigadi ya saki salati. Ni kuwa na zauna a ƙasa ina kuka ina hamdala. Baƙi suka zo suka tarar da tarkace, ko a jikina.

Baba, kai ne ka ƙi jin maganata, kuma ban taɓa jin daɗin taurin kan wani kamar ranar ba. Mun gode, Allah ya ba gwiwar nan lafiya. Ku masu tasowa a sana'a, ku ƙwanƙwasa kafin ku shafe.

Jiya na tsaya a sabuwar ƙofar ina ƙirga yaran suna shiga. Talatin da biyu ne cif, ba ko ɗaya da ya ragu.