Daɓen Kakata

Ana haƙa kwata a bakin layinmu a Gummi, jiya na tsaya ina kallon gefen ramin kamar marar aikin yi. Ja a ƙasa, baƙi a tsakiya, sama kuma tarkacen leda. Malaminmu na tarihi ya taɓa gaya mana haka masu tonon kufai suke karanta zamani: abin da ke ƙasa ya girmi na sama, kowace shimfiɗa da mutanenta. Ranar a aji ban iya rubuta komai ba, ɗakin kakata ya faɗo mini a rai.

Ƙauyenmu yana tsakanin Anka da Bukkuyum. Ɗakin kaka, mahaifiyar babanmu, ya fi tsakar gida tudu, sai ka ɗaga ƙafa kake shiga. Ba gini ba ne, daɓe ne kan daɓe. Duk shekarar da wani abu ya sami gidan, daɗi ko wuya, bayan girbi sai ta tara mata, a zuba tsakuwa a kan tsohon, a yayyafa ruwan makuba, a yi ta bugu da waƙa har ya yi santsi. Ba ta taɓa yarda an fasa na ƙasa ba. Mace ce mai kafiya, in ta ce a'a ko liman sai ya haƙura.

Sai zinari ya zo. Babanmu da ƙannensa suka jingine fartanya, suna ɗauko duwatsu daga daji, iyayenmu mata suna dakawa a turmin hatsi. Garin dutsen a ɗakin kaka ake ɓoye shi, nan kuma ƙanena yake rarrafe. Aka sayi babur, aka ci nama ba sallah ba. Kafin damina ta faɗi yara suka fara shiɗewa. Ina tsaye a zaure nake ganin ana wucewa da su naɗe a tabarma, har mata suka daina fita gaisuwa, don kowacce tana da tata.

Da ƙanena ya sandare a bayan Inna, mahaifiyarmu, likitocin da suka zo suka ce gubar dalma ce da ke cikin dutsen. Za a yi masa magani a Anka, amma aikin banza ne in zai dawo ya sake rarrafe a kan gubar, sai an fara kankare gidan. Ma'aikata suka kankare tsakar gida. Da suka ɗora na'urarsu a daɓen kaka suka ce nan ya fi ko'ina, garin dutsen ya shige duk inda ya tsage.

Kaka ta zauna a bakin ƙofa ta miƙe ƙafafu. "Wanga daɓe ya girmi ubanku. Ba a taɓa shi ina da rai."

Babanmu ya buɗe baki, ta tambaye shi wa ya kawo dutsen, ya ja da baya. Inna kuwa, wadda ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi surukarta ba, ta kwance goyo ta ajiye yaron a cinyar tsohuwa. "Ga jikanki nan. In daɓen kika so, riƙe shi har ya cika."

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Kaka ta daɗe tana kallon yaron, idonsa a kafe, miyau na zuba. Sannan ta miƙa wa Inna shi, ta ce in ɗauko mata fartanya. Ita ta fara sara.

Daɓen ya riƙa ɓamɓarowa kamar ɓawon itace, tana nuna mini da yatsa. "Wanga na auren ubanki na. Baƙin ga, shekarar da gobara tac ci gari. Siririn ga na yunwa na, ba mu da ƙarhin bugu." Can ƙasa akwai wani ja, wanda aka yi mata ranar da ta tare. Ma'aikatan suka ce ya isa, na sama kaɗai suke so. Ta girgiza kai. "Ku kwashe duka. Ban yarda da ko guda ba." Aka loda shekarunta a baro, aka kai wani rami bayan gari aka rufe, aka zuba mata sabuwar ƙasa. Ba ta ƙara tara mata a yi daɓe ba har ta rasu.

Daga baya 'yan bindiga suka tashe mu, gidan ya zama kufai. Wani lokaci nakan yi tunanin wanda zai je ya tona shi nan gaba. Zai tarar da ƙasa mai tsabta, ya rubuta cewa mutanen nan ba su daɗe da zama ba, kuma ba abin da ya same su. Wannan yana ba ni haushi ƙwarai.

Ƙanena ya sha maganin, ya rayu, amma hankalinsa ya tsaya a shekarar nan. Yanzu ya fi babanmu tsawo, gemu ya fito masa. Har yau Inna ce ke wanke masa hannu kafin ya ci abinci.