Har Yanzu In Wuta Ta Ɗauke, Sunan Sani Ake Kira

Shekara tara ke nan da muka kai yayana Sani makwancinsa. Ni ƙanensa ne, mai sayar da kayan gyaran mota a Magazine, unguwar makanikai, ba marubuci ba. Amma dole in faɗi abin da ya same shi.

Yaya Sani ya yi aiki a wani ofishi da ke cinikin wutar lantarki da maƙwabtan ƙasashe. Da allon dara yake mana bayanin aikinsa in ya zo gida, unguwarmu ta Zango. Ya ce kowace ƙasa tana leƙen hannun 'yar'uwarta: in na ɓoye wutata har ka matsu, zan sayar maka da tsada, kai ma haka kake shirya min. Ƙarshe kowa ya kwana a duhu yana ganin ya yi wayo. "Wanda za ku sake haɗuwa da shi gobe a kasuwa," in ji shi, "ba a yanka shi yau."

Da wannan ra'ayi ya nace a taimaki wata ƙasa maƙwabciya da wuta a farashi mai sauƙi lokacin da ta shiga matsi, bisa alkawarin za ta rama. Sai ruwan madatsarmu ya ja baya, wutarmu ta yi ƙaranci. Waɗanda muka taimaka kuwa suka noƙe, suna jiran farashi ya hau. An ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Na Sani dai ya faɗi, har aka bi ta kansa.

Ofis ya sallame shi. Wannan bai yi masa ciwo kamar na gida ba. Dumso, wato yawan ɗauke wuta, ya yi ƙamari: masu walda suka zauna ba aiki, ƙanƙarar mata ta narke, kowa na neman wanda zai zaga. Wani dattijon da ya goya shi yana yaro ya tare shi a ƙofar masallaci ya ce, "Kai, Sani, dumso nan duka kai ne! Ka saida wuta namu." Daga ranar bai ƙara fito da allon dara ba. Hawan jini ya ƙarasa abin da baki ya fara.

Yau ina jin manya a rediyo suna yabon cinikin wuta tsakanin ƙasashe, wai kowa ya gane amana ta fi riba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da yana raye, na san dariya zai yi ya ce ai wasan dogo ne. Ni ban da wannan haƙurin, kuma ban yafe ba tukuna.

Me ya rage nasa? Allon dara a bayan ƙofa, da 'yarsa Hajara da ya bari a goye. Shekaranjiya wuta ta ɗauke muna cin abinci, yaran layi suka kwashe da ihun da suka gada ba su san mai sunan ba: "Sani ya saida!" Hajara ta ajiye cokali ta dube ni.

"Baba ƙarami, wane Sani suke nufi?"