Itacen Kabarin Muhammadu Lawal

A wani ƙauye da ke kusa da Roni, idan aka yi rasuwa, Malam Maikasuwa ake fara aika wa kafin liman. Manomi ne kamar kowa, yana shuka gero da dawa da 'yar gyaɗa, amma tun yana saurayi shi ke haƙa kabari a garin. Shi ne kuma ke kawo itacen da ake jerawa a bakin ƙaramin ramin ciki, kafin a shafe da kwaɓaɓɓiyar ƙasa a rufe. Daga gonarsa yake saro shi, domin mahaifinsa ya bar masa marke da darbejiya da gawo a tsaye cikin kunyoyi.

Shekarun baya kaɗan, wasu mutane suka zo da ma'aikatan gwamnati, aka tara manoma a ƙofar gidan mai gari. Wani matashi ɗan Kazaure, Abdulnasir, shi ya yi bayani. Ya ce bishiya tana shanye hayaƙin da ke ɗumama duniya, kuma akwai kamfanonin ƙasashen waje da za su biya manomi don ya bar bishiyarsa a tsaye. Kuɗin kabon ake kiransa. Sharaɗin dai shi ne ba sara.

Bayan sun tafi, majalisa ta kaure. Wani manomi, wanda gonarsa ke bakin hanya, ya ce, "Wato su yi ta hayaƙinsu can, mu kuma mu zama 'yan shara." Wani dattijo ya tuna musu cewa da can malaman gona ne suka ce a tumɓuke itatuwa saboda garma ta wuce. Muhammadu Lawal, aminin Maikasuwa tun suna yara, ya ƙi shiga ƙememe.

"Gonar da aka ce kada ka taɓa abin da ke cikinta, taka ce?" in ji shi.

Maikasuwa ya shiga shirin. Damina ta daina cika alkawari, kuma 'yarsa Jannatu ta dawo gida da marayunta. Aka zo aka kafa wa kowace bishiya ɗan ƙarfe mai lamba, aka ɗauki hoto. Wani daga cikin ma'aikatan ya ce tauraron ɗan'adam yana ganinsu daga sama, idan bishiya ɗaya ta ɓata duk ƙauyen ne zai rasa. Wannan maganar ce ta zauna wa Maikasuwa a rai.

Da farkon damina Muhammadu Lawal ya rasu, da hantsi, bayan gajeruwar jinya. Maikasuwa ya haƙa kabarin da kansa, bai yarda kowa ya karɓe shi ba. Ya saɓi gatari ya nufi gona. Ya tsaya gaban marken da ya saba sarar reshensa, ya ga ƙarfen yana ƙyalli a jikinsa. Ya ɗaga kai ya dubi sama. Ya tuna gidajen da ke jiran wannan kuɗi, har da na matan da ba su da kowa. Ya juya da gatarinsa.

A bayan gidansa akwai tsohon rumbu da ya faɗi. Daga nan ya zaro itace. Da ya ɗaga shi ya ji ba nauyi, ya san gara ta shige shi. Mutane na jira, rana na ɗagawa. Ya jera shi a kan amininsa, ya shafe da laka, aka yi addu'a aka watse.

Ba a yi mako ba aka sheƙa ruwa mai ƙarfi. Da safe wata mata da ta fito yankan ciyawa ta dawo da gudu ta ce wani kabari ya burma. Maikasuwa bai tambayi wanne ba. Da ya isa, ƙasa ta rufta ciki, gefen likkafani ya fito, ya yi ja da laka. Ya durƙusa ya riƙa kwashe ƙasar da tafin hannunsa. Liman ya iso ya taya shi. Daga nan Maikasuwa ya wuce gona ya sassaro ɗanyen marke, bai dubi sama ba, suka sake rufewa.

Da Abdulnasir ya zo zagaye, Maikasuwa ya tare shi a bakin gona ya nuna masa inda ya sara. Ya ce a cire shi kaɗai, kada a taɓa sauran mutane.

"Haba Baba," in ji Abdulnasir, "ai reshe ba komai. Rage rassa ma ana so a yi. Kayar da bishiyar ne aka hana."

Maikasuwa ya dube shi. "Ɗana, me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Na ɗauka na faɗa, Baba."

Da ya ji abin da ya faru, Abdulnasir ya roƙi a kai shi makabarta. Ya cire takalminsa ya tsaya a kan kabarin yana addu'a, ya koma Kazaure bai ƙarasa zagayensa ba.

Har yau Maikasuwa yana cikin shirin, kuma har yau shi ke haƙa kabari. Idan manoman Gwiwa ko Babura suka tambaye shi a kasuwa ko su shiga, ba ya hana su. Cewa yake, "Ku tambaye su komai. Ku tambaya har abin da kuke jin kunyar tambaya."

Jannatu ta ce da zarar hadari ya haɗu ba ya iya zama. Zai ɗauki shebur ya nufi makabarta, ya bi kaburbura yana danna ƙasarsu da ƙafa, ruwa na dukansa. Wani lokaci yana cikin noma sai ya miƙe ya waiga, kamar an kira sunansa. Idan ta kai masa fura da rana, takan same shi zaune a kan kunya cikin zafi, ga inuwa ko'ina a gonar. Ta taɓa ce masa ya matsa ƙarƙashin bishiya. Ya ce nan ma ya ishe shi, ya karɓi ƙwaryar.